Mai Gabatarwa na Gida ko Jerin Waƙoƙin Kwamfuta

Tun daga 1992, lokacin da dokar Nijeriya ta halatta wa 'yan kasuwa mallakar gidajen rediyo, mai tasha a Sakkwato yana da hanya biyu ta cika sa'o'in kiɗa.

Ta farko ita ce ya ɗauki mai gabatarwa ɗan gari, wanda Sakkwatanci ke fita a bakinsa, ya san bambancin kotson Narambaɗa da kalangun 'yan dambe, kuma yana iya dakatar da waƙa domin ya warware wani zambo ko ya gaida masu sauraro a Wurno da Bodinga. Wannan hanya tana cin albashi, sannan tana buƙatar taskar tsofaffin faya-fayai da mai kula da ita.

Ta biyu ita ce a loda wa kwamfuta waƙoƙin da ake yayi, ta yi ta maimaita su tsakanin tallace-tallace. Arha ce kawai falalarta. A Amurka, bayan dokar sadarwa ta 1996 ta sassauta ƙa'idar mallaka, kamfanin Clear Channel ya tara tashoshi fiye da 1,000, har shirye-shiryen garuruwa suka riƙa kama da juna. A ganina, matashi mai waya yana da waɗannan waƙoƙi tuni, don haka ba su za su sa ya kunna rediyo ba.