Rediyon cikin dekoda: murya tas, amma ba ya bin ka gona

Ni tela ne a Tawa, idona kullum kan allura yake, shi ya sa kunnena ya fi idona morar kuɗin da nake biya na parabol duk wata. Da yawa ba su san cewa idan ka zarce tashoshin tele, can ƙarshen jeri akwai tashoshin rediyo ba. Su nake kunnawa tun safe.

Maganar gaskiya, sautin ya yi. Wanda ya tashi da gajeren zango ya san wahalar: ka miƙe eriya, ka jingina akwatin da taga, ana tsakiyar labari murya ta nutse cikin shuu. A nan babu wannan. Ko kekuna uku na aiki, kana jin numfashin mai karanta labarai. Dalili kuwa, saƙon yana saukowa kai tsaye daga tauraron da ke sama da mu da kusan kilomita 36,000, ba ruwansa da dutse ko nisan gari, ba kamar FM ba. Ƙurar hunturu ba ta dame shi ba a wurina, sai dai ruwan Agusta mai ƙarfi kan yanke shi har hadari ya wuce.

Kiɗa kam sai wanda ka zaɓa: na Mali, na Senegal, rumbar Kwango. Yaran shagona har gardama suke kan wadda za a bari.

Inda raina bai kwanta ba shi ne shirye-shiryen Hausa. Mafi yawan tashoshin Faransanci suke yi. Sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, farashin albasar Galmi, kiran waya inda manomi ke faɗin abin da ke damunsa, duk sai na koma ƙaramin rediyona na FM. Haka ma lokacin kokowar takobi, wadda a nan Tawa aka fara ta a 1975: in ba da Hausa aka kawo ta ba, da kirarin ƴan kokowa da gangar makaɗa, ba ta shiga jikina. Mutum ya biya kuɗi, ya kamata ya ji harshensa fiye da haka.

Sannan abin a ɗaure yake da bango. Kuran ya ɗauke, shiru. Mu kuwa rediyo abin rataye ne, a kafaɗar makiyayi, a gindin gawo a gona, a tsakiyar fada kusa da butar shayi. An taɓa gwada rediyon tauraro wanda ake ɗauka a hannu: kamfanin WorldSpace na Noah Samara, haifaffen Habasha, ya harba tauraron AfriStar a 1998 don Afirka, amma akwatin ya fi ƙarfin talaka, kamfanin ya karye a 2008. A 2008 ɗin ne kamfanonin rediyon tauraro Sirius da XM suka haɗe a Amurka, su kuma suna nan har yau saboda a cikin mota ake sauraronsu.

Tela, mai aski, mai kanti, duk wanda ke yini wuri guda kuma yana da dekoda, ya leƙa ƙarshen jerin nan, zai ji daɗi. Amma in don rediyo kaɗai za ka biya, ɗan'uwa, riƙe kuɗinka ka sayi batir.