Rigar amarya da ta ƙi zama a jiki: ra'ayina kan wani shagon ɗinki a Kano

Shagon da zan yi magana a kansa yana cikin birnin Kano, mace ce take da shi, kuma da ɗinkin amare ya yi suna. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da ke bakina ya haɗa yabo da ƙorafi, ba na kuma son ƙorafin ya zama sanadin taɓa abincin wani. A can muka kai ɗinkin rigar da ƙanwata za ta sa a daren dinarta. Ra'ayina a taƙaice shi ne hannunsu yana da kyau, kuma sun tsaya tsayin daka wajen gyara kuskurensu, amma yadda suke ɗaukar awo da yadda suke sakaci da gwaji rauni ne babba, wanda ya kusa sa mu yi asarar leshi mai tsada ana saura kwanaki kaɗan biki.

Leshin yadi 5 ne, mai duwatsu, a Kantin Kwari muka saye shi tare da satin ɗin da za a yi masa shafi. Ɗinkin da amarya ta zaɓa doguwar riga ce da ke kama jiki daga ƙirji zuwa gwiwa, sannan ta baje daga gwiwa zuwa ƙasa, da dogon hannu da rufaffen wuya kamar yadda iyaye suka sharɗanta. A cikin saman rigar ana zura wasu siraran sandunan roba domin ta tsaya sosai. Irin wannan ɗinki ba ya ɓoye kuskure. Idan buba ce, ko riga da zani, bambancin inci 1 ba mai lura da shi, amma a rigar da aka yanka daidai jiki, inci 1 ɗin nan shi ne tsakanin zif ya rufe da ya ƙi rufewa.

An ɗauki awon ne a watan Sha'aban, wato Fabrairun 2025, bikin kuma sai a watan Afrilu, bayan ƙaramar Sallah da aka yi a ƙarshen Maris. Ba mai shagon ce ta auna ba, ɗaya daga cikin 'yan matan da ke koyon aiki ce, kuma a kan atamfar da ke jikin amarya ta ɗora tef ɗin, amarya tana tsaye da silifas. Ta auna ƙirji da ciki da ƙugu, ta auna kafaɗa da tsawon hannu da tsawon riga, ta rubuta, shi ke nan. Ba ta auna ƙasan ƙirji ba, ba ta auna faɗin baya da kaurin damtse da zagayen hammata ba, tsawon baya daga wuya zuwa inda jiki ya fi tsukewa kuwa kintatarsa aka yi. Ba wanda ya tambayi tsinin takalmin da amarya za ta sa, ko irin rigar maman da za ta saka a ƙarƙashi, alhali su biyun nan suna sauya tsawon riga da zaman ƙirjinta.

Abin da ya fi damuna shi ne tsakanin awo da biki akwai azumin wata guda, bayansa kuma akwai gyaran jiki. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san jikin amarya ba ya tsayawa wuri ɗaya a wannan tsakani: wata zirga-zirga da tunani su ramar da ita, wata kuma da zarar an killace ta a ɗaki ana ba ta abinci mai kyau sai ta ciko. Shagon da ke ɗinka wa amare kullum bai kamata ya yanka leshi a kan awon da ya yi wata biyu ba tare da ya sake aunawa ba. Na tambayi ranar gwaji tun a zuwan farko, aka ce za a kira mu. Ba a kira ba sai da aka gama ɗinki gaba ɗaya, har an jera duwatsu a kan gaɓoɓin. Na san ɗinkin Sallah yana shan kan kowane tela a Kano, kuma dole in yaba musu cewa sun gama a makon da suka yi alkawari, abin da ba kowane shago ke iyawa ba a irin wannan lokaci. Sai dai gwajin da aka tsallake shi ne farashin wannan cika alkawarin.

A rataye, rigar ta yi kyau ƙwarai. Ɗinkin ya miƙe, an bi furannin leshin an daidaita su a gaba, an kuma tsaftace cikinta babu zare ko ɗaya da ke reto. Da amarya ta saka ne matsalolin suka fito. Zif ya hau zuwa tsakiyar baya ya tsaya, saura wajen inci 2 bakin biyu su haɗu. Daga hammata zuwa ƙirji yadin ya ja layi-layi a karkace, alamar ƙirjin ya matse. A baya kuma, saman ƙugu, yadin ya tattare a kwance, domin saman rigar ya fi jikinta tsawo, gaɓar ciki ta sauka ƙasa da inda ya kamata ta zauna. Da ta gwada zama sai sandunan robar suka tokare ƙugunta suka turo rigar sama. Hannu ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa, ke nan ko gwaggwaronta ba za ta iya taɓawa ba. Da ta hau takalmin bikin, mai tsinin inci 3, sai gaban rigar ya ɗage har ana ganin idon sawunta. Ta dube ni ta madubi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Yaya, ko numfashi ba na iya ja sosai."

A nan ne ma'aikatan suka ba ni haushi. Kalmar farko da ta fito daga bakinsu ita ce amarya ta ƙara jiki, sai biyu daga cikinsu suka kama bakin rigar suna ja, suna cewa ta shanye cikinta zif zai hau. Na hana su. Zif ɗin da aka rufe da ƙarfi a shago shi ne wanda ke fashewa a tsakiyar taro, kuma ragar leshi idan ta yage a gefen zif ba ta gyaruwa ba tare da tabo ba. Ɗaya kuma ta ɗauko almakashi tana shawarar a zurfafa yankan hammata domin hannu ya sake.

Shigowar mai shagon ce ta sauya komai, kuma saboda abin da ta yi ne wannan rubutu bai zama ƙorafi zalla ba. Ba ta yi musu ba. Ta sa aka kawo littafin awo, ta ɗauki tef da kanta ta sake auna amarya daga sama har ƙasa, a kan rigar maman da za ta sa ranar da kuma takalmin, tana kwatanta kowane adadi da abin da aka rubuta a baya. Ƙirji da ciki sun ƙaru da kusan inci 1, wannan daga jikin amarya ne. Amma tsawon baya ya bambanta da fiye da haka, kuma kamar yadda ta faɗa da bakinta, ƙiba ba ta ƙara wa mutum tsawon baya, ba ta rage shi. Ta juyo ta ce mini, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan daga wurinmu ne, kuma mu za mu gyara." Ta kuma hana a taɓa hammatar, ta bayyana wa yarinyar cewa a riga mai kama jiki, zurfafa hammata ƙara ɗaure hannu yake yi, domin duk lokacin da aka ɗaga hannu sai ya jawo jikin rigar gaba ɗaya. Maganin shi ne a farke ƙarƙashin hammatar a saka ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, wanda zai buɗe idan an ɗaga hannu ya kuma ɓuya idan an sauke.

Abubuwa biyu ne suka ceci rigar, kuma duka biyun ɗabi'u ne masu kyau na shagon. Na farko, sun bar rarar yadi mai yawa a cikin ɗinkin gefe, wajen inci 1 da rabi a kowane ɓangare. Teloli da yawa suna aske wannan rara da injin gyaran baki domin ciki ya yi kyan gani, daga nan kuwa riga sai dai a rage ta, ba ta ƙaruwa. Na biyu, ba su zubar da ragowar leshin ba, suna ajiye da shi a leda da sunan amarya. Da wannan suka yi aiki. Sun cire duwatsun da ke kan layin gefe, suka farke, suka saki ƙirji da ciki, suka mayar da duwatsun da zare da allura. Satin yana riƙe sawun allura idan an farke shi, amma da yake leshi ya rufe shi, ba a ganin komai. Sun farke gaɓar ciki suka rage tsawon saman rigar, suka datse sandunan robar daidai sabon tsawon, tattarewar baya ta ɓace.

Zif ɗin cire shi aka yi ɗungurungum, aka mayar da bayan na zarge da igiya, da ƙyalle mai kauri a ƙarƙashi wanda ke rufe fata. Na yi ɗari-ɗari da wannan shawara da farko saboda sutura, sai na ga ƙyallen ya rufe bayan ruf, kuma igiyar tana ba da damar a sassauta ko a ƙara ɗaurewa gwargwadon yadda jiki ya wayi gari. Ga amaryar da jikinta ke sauyawa mako-mako, ina ganin da wannan ya kamata a fara tun farko. Tsawo ne ya fi ba su wahala, domin ɗage gaɓar ciki ya ƙara gajarta rigar da dama can ta gaza. Suka yanke adon bakin leshin a hankali suna bin gefen furanni, suka ƙara yadi daga ragowar, suka sake ɗora adon a ƙasa da hannu, ta yadda furannin suka rufe mahaɗar. Sai mutum ya durƙusa ya duba zai gane an yi ƙari.

Ba ta karɓi ko sisi a kan aikin gyaran ba, kuɗin igiya da ƙyallen baya kawai muka biya, kuma na ga adalci a hakan. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai sana'a yana ɗaukar lamunin kayan da aka damƙa masa ya yi aiki a kansu, amma sau nawa ake samun telan da zai amsa laifi ba tare da an kai ruwa rana ba?

Duk da haka ba komai ne ya gyaru ba. Gwiwar rigar ta zauna a matse, domin a nan rarar ba ta da yawa, saboda haka amarya ta yi daren tana zaune a bakin kujera, hawa mota ma sai da aka taimaka mata. Furannin gefen hagu, da suka haɗu daidai kafin a saki ɗinkin, sun ɗan goce wa juna. Akwai kuma batun zafi, wanda ba a taɓa tattauna shi da mu ba: a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ga leshi, ga satin, ga wani shafin roba a can ciki yana manne da fata. Da sun sa shafin auduga a saman rigar da ta samu sauƙi, kuma shawara ce da ta kamata ta fito daga wurinsu. Ɗakin gwajin ƙarami ne, madubi ɗaya ne a ciki, amarya ba ta iya ganin bayanta sai an ɗauka mata hoto a waya. Rasit ɗin da suka ba mu adadin kuɗi ne kawai a jikinsa, babu awo, babu ranar gwaji, babu bayanin ɗinki, sai hoton da aka tura ta WhatsApp. A ɓangaren yabo, mata ne kaɗai ke awo da gwaji, kuma suna da janareta, ɗaukewar wuta ba ta tsayar da gyaran ba.

Wadda za ta kai musu rigar amarya, ta nemi mai shagon ta auna da hannunta, ta kuma je da takalmin da rigar maman da za a sa ranar. Ta sa a rubuta a rasit cewa za a harhaɗa shafin a gwada a jiki kafin almakashi ya taɓa leshi, domin satin ɗin shafi ana samun irinsa a kasuwa kowace rana, leshin da aka zaɓa kuwa sau da yawa idan an koma ya ƙare. A wurin gwaji kada amarya ta tsaya gaban madubi kawai, ta zauna, ta ɗaga hannu, ta sunkuya kamar za ta gaida manya, ta yi taku. Cikon kuɗi kuma a riƙe shi sai an yi gwajin ƙarshe, kuɗin kafin alƙalami sun isa a fara aiki.

Atamfofin fitar biki da suka ɗinka mata, riga da siket da kuma doguwar riga mai sakin jiki, duk sun zauna daidai ba tare da an taɓa su ba, kuma irin wannan ɗinki zan ci gaba da kai musu hankali kwance. Rigar amarya mai kama jiki kuwa zan sake ba su ne kawai idan sun amince da gwaji kafin yanka da wani gwajin a makon biki, kuma a lokacin da ba na ɗinkin Sallah ba.