Ƙaramar bindigar iska: wace iri ce za ta jure zafi da rashin kayan gyara?

Tun da Yusuf Dikec na Turkiyya ya ci azurfa a Olamfik ta Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, matasa da dama suka fara tambayar yadda ake shiga wasan harbi da ƙaramar bindigar iska. Yawancinsu kyan bindiga suke kallo. Ni kuwa abin da nake so mai saye ya fara tambaya shi ne: me wannan bindiga take ci kafin ta yi harbi, kuma ina zan riƙa samun sa? Amsar nan ce ke raba wadda za a mora shekaru da wadda za ta kwanta a akwati bayan wata biyu.

Doka tukuna. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska, babba da ƙarama, cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. Jamus na bari babba ya saya ba lasisi in ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), amma wannan tsarinsu ne. A je a tambaya kafin a biya ko a yi oda. Kuma kada wani ya saye ta don kare kai ko farauta, ƙarfinta na huda takarda ne da gwangwani.

Wadda ta fi jan ido ita ce mai gas ɗin CO2. Ana zura mata ɗan tulun ƙarfe mai giram 12, sai a yi harbi kamar 40 zuwa 60 ba tare da an ɗana komai da ƙarfi ba. Akwai daɗi, ba musu. Matsalar tana cikin tulun. Gas ɗin a ruwa-ruwa yake zaune, kuma zafin gari ne ke yanke matsinsa. A digiri 21 matsin ya kusa ba 60 (ba, wato "bar", ma'aunin matsin iska ne). Da an kai digiri 31 ya haura ba 70, daga nan kuma ba sauran ruwa a ciki, matsin sai hawa. To a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu ya saba wuce digiri 40. A irin wannan rana bawul kan ƙi buɗuwa sosai, harbi ya yi rauni ko ya tsaya, robobi su fara yoyo. Barin tulun a mota da rana kuwa haɗari ne na gaske. Da asubar hunturu kuma abin ya juye, matsi ya faɗi, harsashi ya sauka ƙasa da inda aka saita shi jiya. Ga tulun ba a sake cika shi, kowane ɗaya daga waje ake kawo shi. In an nace sai CO2, Crosman 2240 ta fi waɗanda aka ƙera da kamannin bindigar gaske, domin tana da bututu mai zare a ciki, tana harba dalma. Masu kamannin nan yawanci ƙwallon ƙarfe suke harbawa, wanda ke dukan bango ya dawo ido. Bayan haka, jami'in da ke shingen bincike da dare ba zai tsaya tantance ta wasa ce ko ta gaske ba. Ni ba na ba kowa shawarar sayen su.

Mai sifirin ita ce tsohuwar hanya. Ka karya bututu ko ka ɗaga samanta, sifirin ya danne, ka ja kunama ya tura fistan ya matse iska. Ba ta neman komai sai harsashi, kuma irin su Weihrauch HW45 ta Jamus kan daɗe ƙwarai. Sai dai tana zabura a hannu tun harsashi bai fita ba, don haka in riƙonka ya canza ko kaɗan, inda ya faɗa ma ya canza. Sabon shiga kan ɗauka shi ne bai iya ba, ya karaya. Ba a harba ta babu harsashi, kuma ba a ɗiga mata man inji a inda iska ke matsuwa, domin man kan kama da wuta ya ƙona roba.

Wadda nake ganin ta fi dacewa da mafi yawanmu ita ce mai bugu ɗaya. Ka buɗe samanta, ka sa harsashi a gindin bututu, ka rufe. Rufewar nan ce ke matse iskar harbi guda. Ba sifirin da zai zabura, ba gas da zai bi yanayi, iskar da ka matse yau ita ce ta gobe. Gudun harsashinta kamar mita 120 ne a daƙiƙa, ya ishi huda takarda tsaf a mita 10, kuma ba ta da ƙarar da za ta dami maƙwabta. Weihrauch HW40 ce sananniya, sai Beeman P17 ƙirar Sin da ta kwaikwaye ta a farashi mai sauƙi, wadda robar fistan ɗinta kan so canji da wuri. IZH-46M ta Rasha kuwa an yi gasa da ita sosai. Aibin mai bugu ɗaya guda ne: rufewar na son ƙarfin hannu, kuma in ba a kula ba takan matse fatar tafi. Yaro ko mai raunin wuyan hannu ya gwada kafin a biya.

Mai bugu da yawa, kamar Crosman 1377, kai ke zaɓar ƙarfi, daga bugu 3 zuwa 10. Tana da arha da juriya, amma bayan bugu goma hannu na rawa, saiti ya lalace.

Sai PCP, wadda ake cika tulunta tun kafin harbi, galibi zuwa ba 200. Ita 'yan Olamfik ke riƙewa tun da ta ture sauran: Steyr ta Ostiriya, Morini ta Suwizalan, Walther da Feinwerkbau na Jamus, Pardini ta Italiya. A gasar mita 10, wadda ta shiga Olamfik a 1988, zoben tsakiyar takardar da ake harbi faɗinsa milimita 11.5 ne kacal, harsashi milimita 4.5, bindiga ba ta wuce giram 1,500, kunama kuma dole ta ɗauki giram 500 kafin ta tashi. A irin wannan ma'auni PCP ba ta da na biyu. Amma kuɗinta ba ya ƙarewa a bindiga. Tayar mota ba 2 da ɗan wani abu take ɗauka, saboda haka injin mai faci ba zai ko kusanto ba 200 ba. Sai famfo na musamman ko tulun masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, kuma dokar gasa ba ta karɓar tulun bindiga da ya wuce shekara 10. Ina roƙo da babbar murya, kada a kai ta wurin mai walda a cika da iskar oksijin. Oksijin mai matsi in ya haɗu da maiƙo fashewa yake yi. Wanda ba shi da kulob ko mai horarwa a kusa, ya dakata da PCP.

Kowace aka zaɓa, in ana samun ta a wannan girman, a ɗauki mai harsashin milimita 4.5, harsashinta ya fi samuwa, kuma mai kai a baje ya fi yanka takarda da kyau. A haɗa da tabarau na kariya, da robobin canji tun ranar saye, da akwati mai rufi saboda ƙurar hunturu. In wadda aka taɓa amfani da ita ce za a saya, a buga mata iska a ajiye minti goma, sannan a harba. In ƙarar ta ragu, tana yoyo, sai a rage kuɗin roba daga farashi.