Likitan da ya fara tambayar sana'ar maigidana kafin ya ɗauki biro

Wata huɗu maigidana ya yi yana fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Da safe garau, har ya fita mayanka, amma da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi, cikin dare kuma gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf, duk da sanyin Jos na Disamba. Baya da gwiwoyi ba su bar shi ya runtsa ba, wando ma ya fara zamewa daga ƙugu. Sau uku aka yi masa gwajin Widal, sau uku aka ce taifot ne. Ya sha ciprofloxacin, ya sha maganin maleriya, an ƙara masa ruwa a kemis, 'yan'uwa sun kawo sassaƙe. Ko wanne sai ya lafa kwana biyar, abu ya dawo sabo.

Ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta matsa mana mu ga likitan cututtuka masu yaɗuwa a wani babban asibiti a nan Jos. Ta ce irinsu bayan shekara 6 na karatun likitanci da shekarar horo da bautar ƙasa, sai sun sake shafe shekaru suna ƙwarewa, sun ci jarrabawar kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa da ke Legas.

Na je da leda cike da kwalayen magungunan da ya sha. Likitan ya zazzage su a kan tebur, ya jera su bi da bi yadda aka sha su. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

"Fawa, likita. Gado na yi."

"Miƙo hannuwanka." Ya juya tafukan, ya tsaya a kan yankan wuƙa biyu da ba su gama warkewa ba. Ya tambaya ko yana sa safar hannu, ko yakan taɓa mahaifa idan aka yanka saniya mai ciki, ko nonon da muke dama fura da shi ana dafa madararsa. A wata huɗun nan babu wanda ya taɓa yi mana tambaya ko ɗaya cikin waɗannan. Wallahi nan take na ji hankalina ya fara kwanciya.

Ya yi mana bayani da Hausa, duk da ba harshensa na gida ba ne, cewa Widal ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamun garkuwar jiki yake aunawa, kuma wanda ya tashi inda taifot ya yi yawa gwajin kan nuna yana da ita alhali ba ita ke damunsa ba. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina da na'urar GeneXpert saboda tarin fuka, aka duba ƙanjamau. Ni tsorona Lassa ce, don mu mutanen Jos mun san ta tun 1969, lokacin da aka kawo ma'aikaciyar jinyar mishan daga garin Lassa ta rasu a nan. Ya ce, "Malama, Lassa ba ta jan wata huɗu."

Gwajin jini ya nuna brucellosis, cutar da Fulani ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa. Mutum kan ɗauka ta ɗanyar madara, ko ta rauni idan ya taɓa jini da mahaifar dabba. Likitan ya ce ana iya haɗa maganinta da rifampicin, amma shi ginshiƙin maganin tarin fuka ne, ba ya son taɓa shi sai dole. Ya rubuta doxycycline na mako 6, da allurar gentamicin ta kwanakin farko. Ya ja kunnenmu sosai: a sha da ruwa mai yawa, kada a haɗa da nono, kada a kwanta da an haɗiya, kuma ko ya ji ya warke sai ya shanye, in ba haka ba za ta dawo.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne layi. Rana ɗaya a mako yake ganin marasa lafiya na waje, mun isa bayan asuba amma sai azahar muka shiga. Gwaje-gwajen sun ci kuɗi, sakamakon ɗaya ya haura mako. Duk da haka bai kai rabin abin da muka zubar a kemis ba. Wanda zai je ya tafi da abin kari da duk takardunsa na baya.

A mako na biyu da fara maganin gumin dare ya ɗauke. Yanzu maigidana da safar hannu ta roba yake fiɗa, abokan sana'arsa suna tsokanarsa, amma biyu daga cikinsu sun riga sun zo gida suna tambayata ranar da likitan ke zama.