Da Me Za Ka Auna Bayanin Kayan Aikin Wakilin AI?

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji da ake ce wa kayan aiki, ba ya leƙa cikin kayan aikin da ka haɗa masa. Abu uku ake miƙa masa: suna, ɗan gajeren bayani, da tsarin guraben da zai cike, wanda galibi da JSON Schema, wani salon rubutu da na'ura ke iya karantawa, ake rubuta shi. Haka abin yake tun da OpenAI ta fito da tsarin kiran ayyuka a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024. In bayanin ya karkace, wakilin zai ɗauki lauje inda ake neman gatari, kuma ko gezau ba zai yi ba. Ma'aunai suna da yawa a kasuwa, amma ba duka ne ke auna abin da kake nema ba.

Mafi sauƙi shi ne MCP Inspector. Kyauta ne, yana nuna maka jerin kayan aikin da sabarka, wato manhajar da ke miƙa wa wakili kayan aikinka, ke tallatawa, ka danna kowanne da hannunka ka ga amsar da ya dawo da ita. Ka same shi, yana da amfani. Sai dai kai ne ke zaɓar kayan aikin, kai da ka riga ka san abin da kake nufi. Zai gaya maka cewa injin yana tashi. Ba zai gaya maka ko baƙo zai gane makunnin ba.

Wasu kuma teburin gasa suke dubawa, kamar Berkeley Function Calling Leaderboard na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ko τ-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024, mai gwada wakili a harkar kantin sayayya da ta jiragen sama. Waɗannan samfurin AI, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin wakilin, suke aunawa, a kan bayanan da wasu suka rubuta. Dogaro da su don yanke hukunci a kan naka bayanin cinikin biri a sama ne. Abu guda dai ya kamata ka aro daga τ-bench: ba ta wadatuwa da nasara sau ɗaya, tana duba ko wakili zai ci aiki guda a duk lokacin da aka maimaita masa. Bayanin da ke da harshen damo yakan yi daidai yau, gobe ya kauce.

A ganina, inda ya dace ka zuba lokacinka shi ne manhajojin gwaji da kai za ka rubuta musu tambayoyi, irin su promptfoo, ko Inspect da cibiyar kula da tsaron AI ta gwamnatin Birtaniya ta saki a 2024. Dukansu buɗaɗɗu ne, wato kowa na iya ɗaukarsu kyauta ya duba yadda aka gina su. Ka tara ayyuka na gaske, irin yadda mutane ke faɗarsu da bakinsu, ka rubuta wane kayan aiki ya kamata a kira da abin da ya kamata a cike. Sannan ka sauya jimla ɗaya a bayanin, ka sake gwadawa. A ce kana da kayan aiki biyu, ɗaya na neman abokin ciniki da sunansa, ɗayan na ɗauko bayanansa da lambar rajista. In dukansu ka rubuta musu "yana samo abokin ciniki", za ka ga wakilin yana ƙirƙiro lamba daga kansa don ya cike gurbi. Haka ma kwanan wata: in ba ka faɗi tsarin ba, 03/04 na iya zama Maris, na iya zama Afrilu. Kada ka manta da tambayoyin da amsarsu ita ce kada a kira komai, da waɗanda ya kamata wakilin ya tsaya ya nemi ƙarin bayani. Nan ne yawancin gwaje-gwaje ke da rami. Wahalar wannan hanya ita ce rubuta tambayoyin, kuma ba wanda zai yi maka ita.

In wakilinka ya riga ya fara hulɗa da jama'a, sai ka duba masu bin sawu: LangSmith, Braintrust, ko Langfuse. Suna adana kowane kira da kowace amsa, su nuna maka inda wakili ya yi ta zagaye da kuma yawan token, wato guntayen kalmomin da ake lissafa kuɗin aiki da su, da ya ƙone. Kafin ka biya, tambayi inda hirarrakin mutanenka za su kwana. Langfuse kana iya ɗora shi a sabarka, wanda ke da muhimmanci in bayanan na sirri ne.

Kusan dukansu za su ba ka damar naɗa wani samfurin AI ya zama alƙali mai ba da maki. Yana rage aiki, amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Alƙalin kan yaba bayani mai daɗin karatu alhali wakilin da ke aiki da shi yana ta tuntuɓe. Inda za a iya duba sakamako kai tsaye, wato an kira kayan aikin da ya dace ko ba a kira ba, bar lissafi ya yanke. Alƙalin ka ajiye shi ga abin da ba ya ƙirguwa, kuma ka riƙa ɗaukar hirarraki goma ko ashirin kana karantawa da idonka, ka gwama hukuncinsa da naka kafin ka sakar masa ragama.