Faifan Cabeça Dinossauro na Titãs: ya ci kuɗinsa?

Mai son jin muryar Paulo Miklos, ɗaya daga cikin mawaƙan Titãs, tun kafin ya zama ɗan fim, a wannan faifan ya kamata ya fara. Ƙungiyar rok ta Titãs, 'yan Sao Paulo, ita ta fitar da shi a 1986, shekara guda bayan sojoji sun bar mulki a Barazil. Daga baya kamfanin Polysom da ke Belford Roxo, kusa da Rio, ya sake buga shi a faifan garmaho mai nauyin giram 180. Wannan bugun muke dubawa.

Waƙoƙi 13 ne, takwas a fuskar farko, biyar a ta biyu. Su takwas ne a ƙungiyar a lokacin, kuma karɓa-karɓa suke yi wajen rerawa, don haka kada a zaci Miklos za a ji daga farko har ƙarshe. Inda ya fi fitowa shi ne "Bichos Escrotos", wadda ta buɗe fuska ta biyu, wadda kuma masu tace waƙoƙi suka hana sa ta a rediyo. Muryar tana da kaushi, kamar mai faɗa da maƙwabci ta kan katanga, amma ba ya haɗiye kalma ko ɗaya. Wanda ya gan shi a fim ɗin O Invasor na Beto Brant, inda ya fito a Anísio mai kisa don kuɗi, zai gane cewa wannan tsiwar ba a gaban kyamara ya koye ta ba. Ya ci gaba da zama a Titãs har 2016.

Batun giram 180 kuwa, kada a ruɗe. Kauri ba ya ƙara daɗin sauti, zurfin tsagin da allura ke bi ɗaya ne. Amfaninsa faifan ya fi zama daram a kan faranti, kuma bai cika lanƙwashewa ba. Duk da haka zafi ba ya jin kunyarsa. A ajiye shi a tsaye, nesa da taga, kada a jibga wasu a kansa.

Inda aka fi samun matsala shi ne ƙarshen kowace fuska. Gudun faifan zagaye 33⅓ ne a minti, amma da allura ta matso tsakiya da'irar takan ƙanƙance, sai sauti mai yawa ya cunkushe a ɗan tsagi kaɗan. Kiɗan nan kuma cike yake da jita mai ƙara da bugun faranti na ganga. Idan allura ta tsufa ko ba ta zauna daidai ba, a "Tô Cansado" da "O Quê", waƙoƙin da suka rufe fuskokin biyu, za a fara jin harafin s yana tsartuwa kamar mai a kasko. Yawanci laifin saiti ne. A daidaita hannun na'urar har ya tsaya a iska ba tare da ya rinjaya ba, a mai da ma'auni sifili, sannan a ɗora nauyin da aka rubuta wa allurar. Allurar AT-VM95E ta kamfanin Audio-Technica, misali, giram 2 take so. Masu rage nauyi wai don tausaya wa faifai su ne ke lalata shi, domin allura mara nauyi tsalle take yi tana kankare bangon tsagi.

Bangon kwalin na da kyau, zanen kan mutum ne daga aikin Leonardo da Vinci, kuma a faɗin inci 12 ne yake fito da kwarjininsa. Mai saye daga nesa ya roƙi mai shago ya zare faifan daga kwalinsa kafin ya naɗe, in ba haka ba girgizar hanya na sa gefen faifai mai nauyi ya tsaga bangon.

Ga mai garmaho mai saiti, ya ci kuɗinsa. Wanda kuma tarihin waƙoƙin ya fi damunsa, CD biyu na 2012 ya fi masa, don a can aka haɗa da ɗaukar gwaji da suka yi kafin su shiga situdiyon Nas Nuvens tare da furodusa Liminha.