Fin ko makulli, wanne ya fi wajen haɗa sabuwar sarƙar keke?

Salam jama'a. Ɗan uwanmu na Agege yace ya sayo sabuwar sarƙa zai saka wa kekensa tokumbo mai giya wanda yake zuwa aiki Ikeja da shi, sai ya ga wasu 'yan ƙarafa guda biyu a leda cikin kwalin, wato makullin haɗa bakin sarƙa, shi kuma mai gyara yace masa ya rabu da su fin za a buga kawai yadda aka saba, shine yake tambaya wanne zai bi.

To malam kafin komai ka durƙusa ka ƙirga faifan haƙoran da ke tayar baya, don amsar tana nan. Tsawon gaɓa duk ɗaya ne, rabin inci daga fin zuwa fin, ko a Phoenix ɗin da muka taso muka gani ko a keken tsere. Faɗi ne ya bambanta. Mara giya sarƙarsa mai kauri ce, 1/8 na inci, mai faifai 6 zuwa 8 kuma 3/32, daga 9 zuwa 12 kowacce tana ƙara sirancewa.

Mu fara da fin. Mai gyaran nan ba ƙarya yayi ba, a keke mara giya an daɗe ana ɗora sarƙa kan noti a sa ƙusa da guduma a fitar da fin a mayar, kuma tana zama lafiya don ƙarfen yana da nama. Ko mai 6, 7, 8 idan da ɗan abin cire fin mai murɗawa aka tura fin ɗin a hankali ba a fitar da shi gaba ɗaya ba, zai yi. Amma daga 9 zuwa sama labari ya canza, bakin fin ɗin a buɗe yake tun daga kamfani don shi ke riƙe faranti, kana turo shi wannan bakin ya gutsure ramin ma ya buɗe, idan ka mayar zai zauna kamar ba komai har ka biya kuɗi ka tafi, sai ranar da ka miƙe tsaye kan feda kana hawan gadar Pen Cinema ga danfo a bayanka sannan zata tsinke, Allah ya kiyaye. Shi ya sa kamfanin Shimano suke yin fin na musamman mai dogon hanci, ka tura shi ka karya hancin da filaya, sau ɗaya ake amfani da shi. A sarƙarsu ta 12 ma sun daina zancen fin, makulli suke sakowa. Sannan fin yana yawan barin gaɓa a sandare, sai ka kama ta ka ɗan lanƙwasa gefe da gefe kafin ta saki.

Makulli kuma kala biyu ne, kar a haɗa su. Akwai mai guda uku da kilif, na keke mara giya, irin na mashin, shi dai kawai ka tabbatar rufaffen kan kilif ɗin yana kallon inda sarƙa ke tafiya, in ka juya shi wani abu na taɓa shi zai fita. Wannan baya shiga keke mai giya, yayi faɗi zai riƙa kama faifan kusa da shi. Naka na cikin leda shine ɗayan, kwik link, faranti biyu kowanne da fin ɗinsa guda, kuma ni shi zan ce ka saka.

Yadda zaka yi. Ka fara auna tsawo, sabuwa tana zuwa da gaɓa 114 ko 116, galibi ta yi yawa. Ka ɗora ta kan babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ka bi ta cikin abin canjin giya ba, inda suka haɗu ka ƙara gaɓa biyu, shi kansa makullin a lissafa shi ɗaya. Inda mutane ke ɓata sarƙa kenan: dole baki biyun su ƙare da gaɓar ciki, siririyar mai rola, don makullin shine zai zama gaɓar waje. Ka duba sau biyu kafin ka yanke. Sai ka zura ta tsakanin ƙananan tayoyin nan biyu na abin canjin giya, akwai wani ɗan kunnen ƙarfe a tsakaninsu kar sarƙa ta hau kansa, ka sa rabin makullin ta nan rabi ta can ka matse da yatsa ka ja. In akwai kibiya a jiki ta kalli inda sarƙa ke zuwa idan ana tuƙi. Sannan ka juya feda har makullin ya hau layin sama, ka riƙe birkin baya ka taka feda da ƙarfi, zaka ji ƙas. Ka leƙa ta ɓangaren taya ma, don wani lokaci gefe ɗaya ne ya shiga.

Abin da ya sa na fi son shi a garin nan, damina. Ka shiga ruwan kwata da yashi, ga iskar teku mai sa tsatsa, sarƙa tana son wanki akai akai, da makulli zaka cire ta ka wanke da kananzir ka shanya ka sa mai ka mayar. Ko ba ka da filayarsa, tsohuwar wayar birki ka zura ta rola biyun ka gicciye ka ja, zai buɗe.

Shi ma yana da nashi. Dole lambarsa ta zo daidai da ta sarƙa, na 8 a sarƙar 10 zai yi lako lako, na 10 a sarƙar 8 ba zai ma rufe ba. Ba kowanne ake maimaitawa ba, kamfanin SRAM suna da PowerLink da ake buɗewa a mayar a 8 da 9, PowerLock na 10 zuwa sama kuma sun ce sau ɗaya ne, KMC ma suna rubutawa a kwali. Wanda ka ga yana buɗewa da yatsa ba wahala bayan da can sai da ƙarfi, ya gaji. Kuma kar ka ɗauko na tsohuwar sarƙa ka sa a sabuwa wai tattali, tare suka cinye. Wanda ba suna ba lamba a jiki ni bana saya. Ka sayi ɗaya daban ka naɗe da salatif a ƙarƙashin sirdi.

Idan ka gama komai ka ji sarƙa tana tsalle duk lokacin da ka taka da ƙarfi, kar ka ɗora wa makulli laifi, haƙoran baya ne tsohuwar ta cinye, sai an canza su. Ka ƙirgo faifan ka faɗa mana, ka haɗo da hoton kwalin mu ga lambar da ke jiki.